Baƙin Bangon Baba Tahir

Kai dai ka shigo gidanmu a unguwar Adarawo ka ga bangon falo, baƙi ƙirin har yau, kuma ba mai taɓa shi. Aikin kakana ne, Baba Tahir, tsohon hedimasta. Shekarar da Boko Haram ta kori mutanen Mubi, mu muna ɗaure kayan gudu, shi ko ya kwaso 'yan gudun hijira ya cika mana gida. Da ya ga yaransu na zaman banza, karatu na neman wuce su, sai ya daka gawayi ya shafe bangon da matarsa Dada ta yi wa sabon fenti.

Dada ta ce, "Malam, haukacewa ka yi?"

Ya ce, "Tun tuni, Hajiya. Miƙo min alli."

Ni karatu bai shige ni sosai ba, amma Mairam, ɗaya daga cikin yaran, da ta zo mana ko takalmi babu, yau nas ce a Jimeta. Da Baba Tahir ya rasu bara, yaran nan ne suka yi rububin ɗaukar makararsa, layinmu ya cika maƙil. Dada da bakinta ta hana a goge bangon.

To kai, in ka mutu, wa zai yi rububin ɗaukar taka?