Ranar da Inna Shiru Ta Ɗaga Murya

"To ni ina zan san an jibge littattafai a ciki?" in ji kafintan, yana share gumi da bakin rigarsa. "Ce mini aka yi a fara da ɗakin baya, na fara da ɗakin baya."

"Mako mai zuwa aka ce," in ji Inna Shiru a hankali, har sai da ya karkato kunne.

"Ni dai yau aka ce mini. Ga kwanon can a ƙasa, Inna, rabinsa ma ya lanƙwashe. Ko yanzu muka fara mayarwa, sai yamma."

"Tamfol fa?"

"Yana cikin motar da ta tafi ɗauko katako."

Ta ɗaga kai. Inda rufi yake jiya, yau sai katakai tsirara da sararin sama. Gabas kuwa ta haɗe baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗa ledojin siminti a farfajiya.

Gyara ake yi wa laburaren garin, ana kuma faɗaɗa shi. An gina sabon zaure a ɗaya gefen farfajiya, rufi da tagogi sun kammala, kantoci ne dai ba su iso ba. Littattafan babban ɗaki duka an kwashe su an tara a ɗakin baya, tuli-tuli har ƙirjin mutum. Ma'aikata suna hutun gyara. Shugaban laburaren ya tafi taro, wayarsa a kashe. Makullai suna hannun mai tsaron ƙofa, wato Inna Shiru.

Ba sunan yanka ba ne, amma ya cinye na yankan. Da shara ta fara a gidan, tana matashiya da goyo. A ajin manya da ake yi a ɗakin bayan nan ta koyi haɗa baƙi, tsintsiya a jingine a bayan kujerarta. Tun ranar da ta karanta layi guda ita kaɗai, littafi ya zama mata abin da ba a wasa da shi. Da aka mayar da ita teburin ƙofa, sai ta kafa dokarta: buta da sabulu a bakin shiga, yatsa a leɓe ga duk wanda ya yi tari sau biyu. 'Yarta takan ce ko cokali ne ya faɗi a gida, sai Inna ta harare shi. Marigayi mijinta, direban babbar mota mai murya kamar hon, yakan ce shi kaɗai ya auri matar da ke yi masa faɗa da raɗa. Yau da gobe muryar tata ta lafe, ta zama 'yar siririya.

Kafintan ya sauko da mutanensa uku, suka fara kwasa da gudu zuwa sabon zaure. Ita ma ta rungumi abin da za ta iya. Da ta dawo karo na uku ta dubi tulin, kamar ba a taɓa shi ba. Aka yi tsawa daga nesa.

"Inna, mu kaɗai ba za mu iya ba," in ji kafintan yana haki. "Ki nemo mutane."

Mutane. Ta fita bakin titi ta tsaya. Wa za ta kira? Telan da ke kan kwanar titi, ta taɓa korar 'ya'yansa don sun yi dariya. Mai sayar da ruwa, ta tashe shi daga barci a kan tebur ta nuna masa hanya. Kowa a layin nan ya san ɗanɗanon yatsanta.

"Jama'a," ta ce. Ko akuyar da ke gindin katanga ba ta waiga ba.

Tsallaken titi garejin gyaran motoci ne, janareta na ruri, guduma na sauka. Ta tsallaka. Mai garejin ya zaro kansa daga ƙarƙashin wata mota. Ta gane shi, shi ma ya gane ta. Shekarun baya ya zo neman littafin injina, ta dubi hannunsa ta ce ya je ya wanke. Ya wanke, ta ce bai fita ba. Ya sake, ta ce da saura. Ya ajiye sabulun ya tafi, bai ƙara taka ƙofar ba.

"A'a! Inna Shiru da kanta? Ko hayaniyarmu ce ta kai miki? Kai, ku kashe janareta, hukuma ta zo!"

Ma'aikatansa suka kwashe da dariya.

"Ɗana, taimako na zo nema. An yaye rufi, littattafai suna waje."

"Me kika ce? Wallahi ba na ji."

Ta kasa gane ko tsokana ce ko gaskiya. Ɗigo ɗaya ya faɗo a kan murfin motar, mai faɗi kamar kwabo.  Ta juya ta fuskanci titi, ta dafe ƙirji.

"Jama'a! Ku zo! Ruwa zai cinye littattafai! Ku taimaka don Allah!"

Muryar ta fito a tsage, ita kanta ba ta san ta ba. Guduma ta tsaya. Tela ya leƙo da igiyar awo a wuya. Mata masu kayan miya suka miƙe. Mai garejin ya saki baki yana kallonta, sannan ya wurgar da sifana.

"Kun ji ai. Ku tashi!"

Suka tsallako a guje. A bakin ƙofa kuwa sai ya ja birki, daidai inda buta da sabulu suke. Ya miƙa mata hannayensa biyu, baƙi wuluk har gwiwar hannu. Na bayansa ma duk haka.

"Mu wanke, Inna?"

Wannan karon ba dariya a fuskarsa. Ta dubi hannayen. Ta san abin da baƙin mai ke yi wa takarda, ba ya fita har abada. Ta dubi butar, ɗaya tak, ga mutane sun yi layi. Yayyafi ya fara ƙwanƙwasa kwanon da ke yashe a ƙasa.

"Ɗauki," ta ce. "Ku ɗauka haka nan!"

Tela ne ya ce a yi layi a riƙa miƙawa. Suka jeru daga ɗakin baya, ta farfajiya, har sabon zaure. Littattafai suka kama tafiya hannu zuwa hannu. Gidan da ko takalmi ba ya ƙara a cikinsa ya cika da ihu.

"Miƙo, malam, ba karantawa aka ce ka yi ba!"

"Wannan ai ya fi buhun siminti nauyi, me aka rubuta a ciki?"

"A hankali dai, Inna na kallo!"

Tana kallo kuwa. Tana ganin shatin yatsu baƙaƙe na sauka a bangon littattafai ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗaya kamar a fatarta.  Tana tsaye a tsakiyar ɗakin tana nunawa: wancan tulin tukuna, na ɗalibai ne masu jarrabawa, sai na yara, sai na lafiya. Na kusurwa ta bari a ƙarshe, domin su suka fi tsufa, ba mai tambayarsu.

Ruwa ya kece kafin a kai kusurwar. Ya zubo kai tsaye ta tsakanin katakai. Maza suka tuɓe riguna suna rufa abin da ke hannunsu, suna gudu a duƙe. Da aka kwashi na ƙarshe, sun riga sun sha ruwa sun kumbura. Tsofaffin littattafan ajin manya ne, waɗanda ta koyi karatu da su. Ta ɗaga ɗaya, bangon ya saɓule a hannunta.

A sabon zaure kowa ya jiƙe sharkaf, ana haki ana dariya. Yawancin littattafan sun tsira. Mai garejin ya matso yana matse rigarsa.

"Inna, littafin injinan nan, yana nan kuwa?"

"Yana nan." Muryarta ta dushe, da ƙyar take fita. "Ga shi can, mai jan bango. Ka ma riga ka buga masa hatimi."

Ya duba, ga babban yatsansa ɓaro-ɓaro a jiki. Ya sosa ƙeya.

"In an buɗe, in zo?"

"Ka zo."

"Da sabulu?"

"Da sabulu mana."

Ta tattara jiƙaƙƙun a zaninta. In ba a ware shafukan tun da danshi ba, manne wa juna za su yi. Ta tambayi tela ko zai ara mata fanka da igiya, ya ce ta biyo shi. Ta ja ƙofar zauren, ta soke makullai a ƙugu, ta bi bayansa cikin sauran yayyafin.