Malam Shiit da Tsuntsun Ƙirjin Mahauci

Kowace Asabar, rana ba ta gama fitowa ba, za ka gan shi a ƙofar asibitin unguwarmu da tsohon takalmin kambas da gorar ruwa. Ma'aikacin jinya ne, mai kula da masu hawan jini da ciwon sukari. Da ya gaji da cewa "ku riƙa motsa jiki" ana amsa masa da "to" ta fatar baki, sai ya fara tasa mu a gaba zuwa dutsen bayan gari.

Mu muka sa masa suna Malam Shiit. Ana cikin tafiya sai ya ƙame, ya ɗaga yatsa: "Shiit! Kun ji? Cilakowa ce." Kafin mu hango ta a reshe, ya sake cewa, "Ga fakara can tana masifa." In kuwa suda ta yi kuka, to ku nemi wurin zama, don ita ce 'yar gaban goshinsa. Gwaggo mai ɗinki ta taɓa ce masa, "Malam, gwiwata ma kuka take, ko ita ba tsuntsuwa ba ce?"

Wata safiya ya tsayar da mu a tsakiyar hawa, ya ɗaga yatsa. "Wannan fito ban taɓa jin irinsa ba. Baƙon tsuntsu ne!" Ya leƙa wannan bishiya, ya zagaya waccan, yana bin sautin da kunne, har ya tsinci kansa a gaban mahaucin layinmu, wanda ke cikin tawagarmu. Ya kara kunne a ƙirjinsa.

"Alhaji, tun yaushe wannan tsuntsu ya yi sheƙa a nan?"

"Ya kwana biyu. Na ɗauka ƙiba ce."

Dariya ta tsaya. Numfashin mahauci ne ke toshewa. Malam ya zaunar da shi, ya kira mota, bai rabu da shi ba sai da likita ta karɓe shi.

Malam, ga shi ka ajiye aiki. Kai ne kunnen marasa kunne. Ka sa mun san kukan hasbiya, ka sa tumbinmu ya ragu ba da son ranmu ba. Allah ya saka maka da alheri. Ma'aikatanmu na lafiya, ku yi koyi da shi, ku saurari mutane.

Mahauci yana nan garau, har ya aiko da saƙo: tsuntsun ya tashi, amma sheƙar, wato ƙibar, tana nan, sai dai haƙuri.