Ragon Layi Na Uku

Shekarar da nake koyon haɗa shafin intanet a wani shago a Gezawa, Inna tana kiwon rago ɗaya tal, fari mai baƙin kunne, tana jiran layya ta sayar. Na ce mata bana ba sai an kai shi kasuwa ba, ni zan tallata shi.

Na ɗauke shi hoto a gindin darbejiya, na rage girman hoton saboda sabis ɗin garinmu sai an hau katanga, na sa shi a bayan rubutun shafin. Abin da malaminmu bai kai ga koya mana ba shi ne, idan hoton baya bai cika fuskar waya ba, manhajar da ke buɗe shafi takan sauko da shi sau ɗaya, sai ta yi ta jera shi gefe da gefe, sama da ƙasa. Ina buɗewa sai ga raguna reras, duk sun juya hagu, na can gefe kuma an yanke musu gindi.

Inna ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "Waɗannan duk wa zai ba su dusa?"

Kafin in gano gyaran, 'yan ajinmu sun riga sun yaɗa shafin. Gwaggona ta aiko a ce wa Inna ashe arziki ake ɓoye musu.

Ranar Laraba wani Alhaji ya zo daga birni a mota. Ya buɗe wayarsa ya ɗora yatsa.

"Na layi na uku, na tsakiya. Shi nake so."

"Alhaji, ai duk rago ɗaya ne. Hoton ne ya maimaitu."

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake sayen dabba. Wannan ya fi sauran ƙirji."

Inna tana jin mu daga soro. Ta kwanto ragon ta miƙo min igiyar. Alhaji ya zagaya shi, ya danna gadon bayansa, ya duba haƙora, ya sake kallon waya.

"Shi ne," in ji shi. "Sauran ku kai kasuwa, ba su kai shi ba."

Aka yi ciniki, aka ɗora ragon a bayan mota. Washegari malaminmu ya nuna min 'yar kalmar da ke hana maimaicin, ragon ya koma shi kaɗai a kusurwa. Inna ta ce shi ma in goge shi, tunda yanzu ba namu ba ne.