Salula Cikin Tukunya

"Kowa ya jefa salularsa nan!"

Alhaji Sale mai hatsi ke nan jiya da la'asar a fadarmu ta hira da shan shayi, bakin tashar Matameye, ya dire tukunya kusa da butar shayi. Wai ɗansa da ke cin rani a Kano ya ce waya tana nuna wa sojoji daidai inda mutum yake zaune.

Na ce, "Alhaji, tun kan a haifi ɗan naka muke gindin bishiyar nan. Ko awakin gari sun san inda muke."

Ya harare ni. "Malam Issufu, magana ce babba a bakina."

Muka zuba, ya rufe, har da ɗora dutse. Muka matso, muna jiran ya fasa ƙwai kan masu mulki da tsadar gero.

Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya yi ƙasa da murya: "Allah ya ba mu ruwa."

Wallahi mu ma a raɗa muka ce amin.

Ashe ba salula ce ke cikin tukunya ba, mu ne. Ku a fadarku da ƙarfi ake roƙon ruwa?