Kwana Ukun da Sulle Ya Yi a Mace

Sulle mai gyaɗa mutumin Kwanyawa ne, ya haura sittin, kuma kafin bara ba a kiran sunansa sai in ana maganar iri. Da damina ya noma, da rani ya zauna ƙofar gida yana ɓare gyaɗa, ranar kasuwar Rogo ya ɗaure buhu a bayan babur. Ɗansa namiji ɗaya ne, Mu'az, wanda ya fita neman hanyar Turai shekara shida da suka wuce. Sau biyu ya kira, daga nan shiru. Sulle ba ya zancensa, amma wayarsa kullum tana aljihun gaba, cike da caji.

Sai aka fara wani shiri a talabijin, wanda Musbahu mai shayi yake kunnawa a rumfarsa duk Asabar bayan la'asar. Labarin wani Ɗanmaliki ne da ya je wani birni mai sanyi a Turai, yana wanke kwanuka a gidan abinci, su bakwai a ɗaki ɗaya suna karɓa-karɓar bargo. A mako na huɗu wani Bature ya tambaye shi garinsu. Ya ce, "Wajen Ƙaraye. Babana manomin gyaɗa ne."

Duk rumfar ta juyo ta kalli Sulle.

"Ba nawa ba ne," in ji shi. "Nawa dogo ne, baƙi."

"Sanyi yana sa mutum fari, Baba," in ji Musbahu. "Yana kuma takure shi."

Tun daga ranar, duk mai ra'ayi a kan shirin ƙofar Sulle yake kai shi. Shitu mai facin taya ya zo ƙorafin cewa yaron ya ci abinci da hagu. Kubura mai ƙosai ta ce a ja masa kunne a kan Baturiyar nan mai yawo da kare. Da farko Sulle korarsu yake. Daga baya aka ji yana cewa, "Yaro ne, ku yi masa uzuri, ƙasar mutane ce." Har hular sallarsa ya riƙa sawa in zai je kallo. Shekara shida ba wanda ya tambaye shi lafiyar ɗa, yanzu kuwa har a masallaci.

Wata Asabar Ɗanmaliki ya makara zuwa aiki. Da uban gidansa ya tashi korarsa, sai ya fashe da kuka ya ce babansa ne ya rasu. Aka ba shi hutun kwana uku da damin furanni. A cikin talabijin ana ta dariya, a rumfar Musbahu kuwa ko tari ba a yi ba.

"Ƙarya ya yi don kada a kore shi," in ji Musbahu. "Ga Baba nan yana shan shayi."

"Ko ƙarya ce, a gaban duniya aka faɗa," in ji Shitu. "Mutum ɗansa ya kashe shi da baki, a ce ba za a je masa gaisuwa ba? Mu ba mu da kara ke nan?"

Liman ya ce ba ruwansa. Duk da haka washegari aka wayi gari da tabarmi a ƙofar gidan Sulle.

Hajo matarsa ta leƙo daga zaure. "Malam, kanka ɗaya kuwa? Zama za ka yi a yi maka gaisuwar mutuwarka?"

 Sulle ya daɗe yana kallon tabarmin, sannan ya yafito Musbahu. "Wayar nan taka tana kai hoto har Turai?"

"Har gaba da Turai ma, Baba."

"To ɗauka, ka watsa." Sulle ya koma bayan katanga don kada ya fito a hoton.

Haka aka fara. Mai zuwa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" Sulle ya ce, "Da godiya." A ce, "Allah ya jiƙanka," ya shafa da amin. Wani daga Kafin Dafga ya ce marigayi bai taɓa cuɗa iri da tsakuwa ba, kuma ya je Makka sau biyu. Sulle ya gyara masa: ko sau ɗaya bai je ba. Kubura ta kawo gumba, mamacin ya fi kowa ci. Amma tsakanin gaisuwa da gaisuwa sai ya zaro wayar ya duba. Kwana ɗaya, ba ta yi ƙara ba. Kwana biyu, haka. Ranar uku da safe bai taɓa gumbar ba, ya ce wa Hajo in an yi la'asar a naɗe tabarmi.

Ana gab da naɗewa ɗan acaɓa ya tsaya. Wani dogo baƙi ya sauko, ramamme, da leda ɗaya a hannu, idanunsa sun kumbura. Ya yo kan tabarmin yana salati, sai ya yi arba da wanda ke zaune a tsakiya. Ledar ta faɗi. Wanda duk ya ga fuskar Mu'az a lokacin, har yau jikinsa kan yi sanyi in ya tuna.

"Baba?"

"Haka ake shigowa wurin makoki?" in ji Shitu. "Durƙusa ka yi gaisuwa."

Mu'az ya durƙusa. "Ya... ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Sulle. "Daga Turai a kwana uku?"

Mu'az ya sunkuyar da kai. Bai wuce Agadas ba. Shekara biyar ke nan yana tura baro a cikin Kano, kunya ta hana shi kira, sai da ya ga hoton makokin a waya.

"Kano," in ji Sulle a hankali. "Nan Kano, da mota take zuwa kullum." Ya miƙa hannu ya shafa kan yaron, ya sake shafawa, bai ɗauke hannun ba. "Hajo! Kawo ragowar gumbar nan."

Asabar ta gaba Shitu ya zo da sabon ƙorafi, wai Ɗanmaliki ya sayar da furannin. Sulle ya ce masa ya kai ƙorafin wajen uban Ɗanmaliki.