Ranar da Na Ɗaga Ido Na Dubi Mai Birki

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a kai, ranar da na zauna gaban dattijon nan ɗan Meziko ba za ta fita ba. A lokacin na gama karatun injiniya a London, bizata ta kusa ƙarewa, matata kuma ga tsohon ciki. Muna raɓe a ɗaki guda a gidan kawuna a Barking. Idan ban samu kamfanin da zai tsaya mini ba, sai tattara komatsai. Na yi apply har na gaji, amsar dai ɗaya ce: sun gode, sun yi nadama.

Sai ga kira daga wani kamfanin birkin mota da ya buɗe ofis a Marylebone. Aka ce mai kamfanin, wato dattijon ɗan Meziko, yana gari, kuma al'adarsa ce ba a ɗaukar injiniya sai ya gan shi da idonsa. Na bincika labarinsa: yaro ne maraya da ya fara da facin taya a bakin titi, ya koma gyaran birkin manyan motoci, daga nan ya fara ƙera nasa a wata rumfar kwano. Yau masana'antunsa sun haye ƙasashe.

Da safe Kawu ya tsare ni a bakin ƙofa da nasiha. Ya ce mutumin nan sa'an kakana ne, kada in kuskura in kafa masa ido kamar mara tarbiyya, kuma kada in cika baki. Na ce to. Ai ko bai faɗa ba, haka aka raine ni.

Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na nufi Marylebone. Da na shiga ofishin, na tarar da manaja, wani Bature, da dattijon a gefe, gajere, hannuwansa duk tabo. Na gaishe su, na sunkuyar da kai, na zuba wa kafet ido. Har yau zan iya zana maka kafet ɗin nan.

Manaja ya tambayi aikin da na yi a kan yadda birki ke ɗaukar zafi a gangara. Aikin da na yi shekara ina fama da shi, amma sai na ji bakina yana cewa ai malamina ne ya yi ƙoƙari, ni ɗan abin da na taɓa kaɗan ne. Ya sake tambaya ko zan iya jagorantar mutane, na ce zan gwada. Ina jin lokacin da ya ajiye biro. Wallahi na san ƙarar nan, ƙarar an gama da kai ce. Zuciyata ta tafi wurin matata, ina tunanin da wane baki zan gaya mata.

Sai dattijon ya ce manaja ya ba mu wuri. Ya jawo kujera har gwiwarsa ta kusa taɓa tawa. Da Turancinsa mai nauyi ya tambaye ni me na gani a ƙasa tun ɗazu. Na ce a wurinmu ba a kallon babba a ido. Ya yi dariya har da tari, ya ce a ƙauyensu ma haka ne. Ya ce karon farko da ya kai birkinsa wani babban kamfani, hula a hannu ya tsaya yana kallon takalmansa. Suka ɗauka bai yarda da kayansa ba, suka sallame shi, alhali birkin ba shi da aibi.

"Birki rai ne," in ji shi. "Ba wanda zai ɗora iyalinsa a kan abin da maƙerinsa ya kasa ɗaga kai ya ce nawa ne. Dube ni. Wa ya yi aikin nan?"

Jama'a, ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin kaina a ranar ba. Ga muryar Kawu a kunne, ga matata a rai. Wuyana ya ƙi, kamar an ɗaure shi. Da ƙyar na ɗago. Idanunsa jajaye ne, na wanda ya sha hayaƙin gareji, kuma babu fushi a cikinsu.

"Ni na yi," na ce.

Ya ce in maimaita. Na maimaita, daga nan kuma bakina ya buɗe, na yi ta bayani har da zane a iska. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙe, ya dafa kafaɗata, ya kira manaja ya ce a fara mini takardu.

Da na ba Kawu labari, sai ya ce to, Allah ya sa dai ban zare masa ido da yawa ba.

'Yar da aka haifa mana a wancan watan yanzu ta shiga sakandare. Na koya mata ta rusuna wa manya, kuma tana yi. Amma na koya mata abin da na koya a makare: kunya ado ce a gaban dattijo, sai dai ranar da aka tambaye ka wa ya yi aikinka, ɗaga kai ka amsa.