Fuskar da Shulan Ta Ɗinka da Furfura

Shekarar da agana ta shiga ƙauyenmu na bakin Tafkin Tai, Shulan ta durƙusa gaban gunkin Guanyin, Mai Jin Kukan Duniya, ta yi alkawari: in 'yarta Xiaohe ta tashi, za ta ɗinka surar Guanyin a farin siliki da gashin kanta. Yarinya ta tashi. Shulan ta ce a mafarki ta ga wani hannu yana yayyafa wa yarinyar ruwa da ɗanyen reshe, amma fuskar mai hannun ta ɓace mata kamar hazo bisa tafki.

Kullum safiya takan tsige gashi, ta wanke, ta zura a allura. A lokacin gashinta baƙi ne wuluk. Riga ta fito, furen bado ya fito ƙarƙashin ƙafa, hannu ya fito riƙe da ɗan tulu. Fuska ta ƙi.

Ta je haikali ta duba tsohon zanen bango, sai ta tuntsire da dariya.

"Baba Deming, ashe Guanyin ɗin naka har da gashin baki!"

"Haka kakannin kakanninki suka san shi, Uwar Xiaohe," in ji tsohon da ke kula da haikalin. "Ku mata kuka yi ta kuka a kunnensa har ya koma uwa."

"To aske masa mana, tunda ka iya aske naka kan!"

A kasuwa masu tangaran suna sayar da Guanyin da fuskar budurwa, wata har da jariri a cinya. Shulan ta duba, ta girgiza kai. Ba ita ba ce.

Xiaohe ta yi aure, ta haihu. Kan Shulan ya yi fari fat, idonta ya dushe, tsoro ya kama ta. Ta yi imani in ta mutu ba ta cika alkawari ba, alhakin kan 'yarta zai faɗa.

Ƙawarta Gui'e ta kwance nata gashin. "Yaya, ga nawa, da sauran baƙi."

"Da kaina na yi alkawari, ba da naki ba. Rufe, kada ki zubo mini kwarkwata."

Sai ta ɗinka da furfura, fari a kan fari. Da yake ba ta gani, hannun hagu na shafa fuskarta don ta san inda hanci yake da inda baki yake, na dama na bi da allura. Tana ƙulle zaren ƙarshe ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba, Shulan tamu.

Kallon farko ba a ganin komai a wurin fuskar. Sai da rana ta shigo ta taga a karkace, ido ya fito, kumatu suka fito, har da tamojin gefen baki. Xiaohe ta sa yatsa a hankali ta bi su.

"Inna ce," ta ce. "Gwaggo Gui'e, zo ki gani, Inna ce."